Riƙon Kare da Ƙirar Ƙarfe Bayan Ajiye Alli



An nemi mu, tsofaffin malaman Likoro, mu faɗi abin da muke yi da lokacinmu tun da muka ajiye alli. Mun san labarinmu ya riga mu isowa, domin har a kasuwar Hunƙuyi an ce malamai sun koma kiwon karnuka da tsintar gwangwan. Da gaskiya a cikin zancen. Mun zo ne mu ba da sauran, musamman kurakuran da muka yi, don kada wani ya maimaita su.

Abin ya faro ne da rani, lokacin saran rake. Mota ta buge wata karya a bakin hanya, ta bar 'yan kwikwiyo biyar a gindin kwalbati. Ɗaya daga cikinmu ya tarar da yara suna jifansu, kuma yaran nan jikokin waɗanda muka koyar ne. Ya kore su, ya kwashe 'yan kwikwiyon a kwando ya kai bayan gidansa. Da ya kawo mana zancen a majalisa bayan La'asar, muka yarda cewa riƙo za mu yi, ba mallaka ba: mu raine su har su yi ƙwari, sannan mu miƙa su ga masu gadin gona da makiyaya da mafarauta.

Wahalar farko daga cikin gida ta fito. Iyali suka ce ba a haɗa kare da wurin salla, maƙwabta suka koka da haushin dare. Muka kai maganar gaban malamanmu na addini, suka bayyana mana cewa shari'a ta halatta ajiye kare domin gadin gona, ko tsaron dabbobi, ko farauta, kuma a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai ana wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai. Suka tuna mana da hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Amma suka ja kunnenmu: a ware musu wuri nesa da ɗakuna, kuma haƙƙin maƙwabci yana gaba da sha'awarmu. Wahala ta biyu ciyarwa ce. Ɗan fansho da ke lissafin kowane mudu ba ya da rarar da zai ci da baki biyar, sai da muka raba kwanaki tsakaninmu, kowa da ranar da zai kawo ɗumame da ƙasusuwan mahauta.

Babban kuskurenmu shi ne jinkirta allurar rigakafi. Muka ce sai an biya fansho. Kafin a biya, ɗaya daga cikin karnukan ya ciji jikar abokinmu a ƙafa, yarinya 'yar aji uku. Wasu suka ce a shafa toka, wasu suka ce a ƙona gashin karen a ɗora a kan ciwon. Allah Ya sa akwai tsohon malamin kimiyya a cikinmu. Ya sa aka wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, muka ɗauke ta zuwa asibiti. A asibitin farko ba mu sami allurar ba, sai da muka shiga Zariya. An yi mata allurai a ranaku daban-daban, an tsare karen kwana 10 ana duba shi. Yarinyar ta warke, karen ma lafiyarsa ƙalau, amma kwana goman nan babu wanda ya yi barcin kirki a cikinmu.

Daga nan muka koma ɗalibai. Ciwon haukan kare yana bin yawun dabba ne ya shiga ta cizo ko yagushi, ya bi jijiya har ƙwaƙwalwa. Da zarar alamunsa sun bayyana, kamar tsoron ruwa da firgita, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kimanin 59,000 a kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, wato sa'o'in waɗanda ke zaune a azuzuwanku. Abin takaici, rigakafinsa tsoho ne: tun 1885 Louis Pasteur ya ceci wani yaro da shi a Faransa. A ƙasarmu cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, a Jihar Filato, tana yin allurar karnuka, kuma ga asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello nan kusa da mu a Samaru. Ana yi wa kwikwiyo allura yana wata uku, a maimaita kowace shekara. Masana sun ce idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki, cutar takan daina yawo a cikinsu.

Cizon nan ne ya kai mu ga ƙarfe. Mun ga dole a yi wa karnukan keji mai ƙarfi, kuɗin sabon rodi kuwa ya fi ƙarfinmu. Sai muka shiga tattara tsofaffin garmunan shanu, da sarƙar keke, da ɓaraguzan injin matse rake, muna rige-rige da 'yan gwangwan da ke saye a kan sikeli. Wani mai walda, wanda muka koya wa baƙi da wasali shekaru da yawa da suka wuce, ya karɓe mu a shagonsa. Ranar farko ya ce, "Malam, yau ni ne a gaban allo," muka ce mun ji mun yarda. Maƙeran gari kuma suka nuna mana yadda ake zuga wuta, a kama ƙarfe da awartaki, a lanƙwasa shi tun yana ja.

Nan ma mun sha darasi. Ɗayanmu ya kalli hasken walda babu gilashi, ya kwana kamar an zuba masa yashi a ido. An hana mu yanka duro ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur, domin tururin da ya rage a ciki kan fashe. An gargaɗe mu da hayaƙin bututun da aka shafe da tutiya, mai sa zazzaɓi da ciwon kai. Wutar lantarki ba ta zama, man janareta kuwa daga aljihunmu yake fita.

Da keji ya kammala, ƙarfe ya ragu, hannu kuma ya saba. Wani ya ce mu ƙera siffar karyar da ta mutu. Muka yi muhawara mai tsawo, muka tsaya a kan cewa ba za mu ƙera siffar mai rai ba. Abin da muka zaɓa shi ne karan rake mai tsayi fiye da mutum, da allo jingine a gindinsa da alƙalami, domin da su aka san ƙasar nan tamu. Gaɓoɓin daga bututu muka yanko su, ganyen kuma daga bakin tsofaffin garmuna. Sau biyu yana faɗuwa saboda gindin ya yi masa kaɗan. Har yau bai ƙare ba, burinmu mu kafa shi a ƙofar makarantar firamare idan hukuma ta amince.

Karnuka huɗu sun tafi, biyu suna gadi a fadama, ɗaya yana wurin makiyayi, ɗaya wurin mafarauci, kowanne da takardar allurarsa. Na biyar gurgu ne, babu mai so, yana nan tare da mu. An sake kawo mana wasu, muka ƙi karɓa, domin mun gane cewa tausayin da ya wuce ƙarfin aljihu da faɗin fili cutarwa ce ga dabba da mutane.

Roƙonmu ga reshe guda biyu ne. Na farko, a ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, kowane malami ya ware minti goma a taron safe ya koya wa yara abu uku: kada su tsokani kare, idan an cije su kada su ɓoye, a wanke da sabulu a tafi asibiti ranar. Na biyu, masu shirin ajiye aiki su fara koyon sana'ar hannu tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Duk mai tsohon ƙarfe a bayan ɗaki, kada ya sayar kafin ya neme mu, domin ƙarfe ɗaya ba ya amo.

Allah Ya sa mu gama lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan abokan aikinmu da suka riga mu. Wassalamu alaikum.