Duba Littafi Kafin Ka Sa Ranar Taro

Wannan jawabi ne da wani mai kula da azuzuwan yaƙi da jahilci ya yi wa malamai da sakatarorin ƙungiyoyin manoma na ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram. Mun buga shi don amfanin masu karatu.



Zan fara da laifin kaina. Wata shekara na sa taron wata ƙungiyar manoma a wani ƙauye na ƙasar Gwaram. Na rubuta takarda, na aika, na taso tun da sassafe a kan babur. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin bishiya, muka zauna ni da shugaba da ma'aji har rana ta take. Mutum talatin muke jira, bakwai suka zo. Ashe ranar kasuwar Sara ce, kowa ya ja akuyarsa ya tafi. Maganar kuɗin taki ce za mu yanke, ba a yanke ba sai bayan mako biyu, ga shi damina ba ta jiran kowa. Ban zargi mutanen ba. Ni ne na dubi kalandar ofis kawai na sa rana.

Jama'a, mu a karkara ba lissafi ɗaya muke bi ba. Akwai watan Turawa, wanda ofis da asibiti da banki suke aiki da shi. Akwai watan Musulunci, wanda azumi da sallah da bukukuwanmu suke bi. Akwai kuma ranakun kasuwa, sannan ga aikin gona da ya fi su duka iko. Sakataren da ya dubi ɗaya ya bar sauran, tabarmi zai yi wa jawabi.

Bari in ɗan tsaya a kan watanni, don nan aka fi yin tuntuɓe. Shekarar Turawa kwana 365 ce, ta Musulunci kuwa 354 ce ko 355. Saboda haka kowace shekara azumi yana matsowa gaba da kwana goma ko sha ɗaya. A 2024 mun ɗauki azumi ranar Litinin 11 ga Maris, muka yi sallah 10 ga Afrilu. A 2025 ranar Asabar 1 ga Maris muka ɗauka, muka yi sallah 30 ga Maris. Dattawan da ke nan za su tuna, a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, a watan Maris aka ɗauki azumi, sai da ya zagaya damina da rani shekara 33 kafin ya komo gurbinsa. To, wanda ya ce tun da bara an yi taron shekara a makon kaza bana ma haka za a yi, yana iya tarar da jama'a suna sayayyar sallah. Kuma duk ranar da ta rataya ga ganin wata, a rubuta ta da fensir, sai Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya yi sanarwa sannan a bi ta da biro.

Wani abin kuma shi ne dare. A wurinmu dare shi ke gaba da yini. In dattijo ya ce daren Juma'a, yana nufin daren da za a wayi gari Juma'a, yaron da ya yi boko kuwa sai ya zo bayan an sauko daga masallaci an kwana. Ku riƙa cewa “ranar Alhamis bayan sallar isha'i”, magana ta ƙare.

Aikin ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Littafin rubutu irin na 'yan makaranta ya isa. A ba kowane wata shafi biyu, a ja layi da rula. A rubuta sunan rana, da kwanan watan Turawa, da na Musulunci, da lokaci, da wuri, da abin da za a tattauna. Kafin ka sa taro ko ɗaya, fara cike ranakun da ba naka ba: Juma'o'i, kasuwannin da mutanenku ke ci, ranar awo da rigakafi a asibitinku, ranakun hutu irin su 1 ga Oktoba. Abin da ya rage shi ne naka. Mutumin Kangire da na Basirka ba kasuwa ɗaya suke ci ba, saboda haka kada wani ya kwafi littafin wani.

Lokaci ma a faɗe shi baki biyu. “Da yamma” ba lokaci ba ne. A ce ƙarfe huɗu da rabi, bayan la'asar, a kuma faɗi lokacin tashi. Na lura mutane sun fi zuwa taron da suka san za a tashi kafin magariba. Daga saukar ruwa har a gama maimai, kada a sa taro da hantsi. Malamai mata kun fi ni sanin cewa ajin da aka sa lokacin ɗora tukunya ba ya cika.

Ga iyaye mata kuma, katin rigakafi shi ma alkawari ne. Ana yi wa jariri allura da haihuwa, sai mako 6, mako 10, mako 14, sai ta ƙyanda a wata 9. In ranar Talata aka haife shi, ƙirga Talata shida, ga mako shida ya cika. Malama ta taimaka wa ɗalibarta ta rubuta wannan a bayan littafinta. Darasin lissafi ke nan da ba a mantawa.

Wani zai ce wayarsa tana da kalanda, har tana kaɗa masa ƙararrawa. Madalla, a yi amfani da ita. Amma caji yana ƙarewa, waya tana ɓata, sakatare kuma yana sauka. Littafi na ƙungiya ne, wanda ya gaje ka zai buɗe ya ga inda aka tsaya.

Rasuwa ba ta sallama, in ta zo dole a ɗage taro. Abin da nake roƙo, kada a ce “sai an sanar”. Shugaba da sakatare su buɗe littafi nan take su sa wata ranar, a gaya wa mai unguwa, a yi shela a masallaci, a kuma tuna wa jama'a ana jibi taron.

Yanzu kowa ya fito da littafinsa da rula. Za mu ja layin watan gobe tare kafin a kira azahar.