Daga Jakar Wasiƙunmu: Motata Sabuwa Ce, Amma Tana Shan Baƙin Mai

Takardarmu ta yau ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Katanga, cikin ƙaramar hukumar Jega ta Jihar Kebbi.

Bayan gaisuwa, ya ce wata takwas ke nan da ya sayi sabuwar a-kori-kura a wurin wani dila, har da takardar garanti. Da ita yake jigilar albasa daga Aliero zuwa Jega da Maiyama, da ita kuma yake ci da iyali. To, sai ya lura mako ba ya zagayowa sai ya ƙara mata baƙin mai. Da ya koma wurin dila, sai wani ma'aikaci ya ce masa ai haka sabuwar mota take. Bakaniken garinsu kuwa ya ce a kawo ya buɗe injin ya sake ringi. Shi ne yake tambaya, maganar wa zai bi?

To, malam mai tambaya, mun gode da wannan takarda. Amsar a taƙaice ita ce, kada ka bi ko ɗaya daga cikinsu tukuna. Kada ka koma gida ka zauna don an ce haka take, kada kuma ka bari kowa ya kwance ko da noti ɗaya a jikin injin nan. Ranar da bakaniken waje ya buɗe shi, ran nan ka ba dila hujjar cewa garantinka ya mutu, komai gwanintar bakaniken kuwa.

Da farko dai, gaskiya ne babu injin da ba ya ɗan taɓa mai, kuma sabon inji yakan ɗan fi sha kafin ringi su zauna daidai. Amma wannan na 'yan dubban kilomitoci ne na farko, ba na wata takwas ba. Sai dai fa, malam, kalmar "tana shan mai" ba ta isa hujja ba. Lita nawa take sha, a kilomita nawa? Wannan shi ne abin da za a saurara.

Saboda haka sai ka nemi ɗan littafi. Ka tsai da motar a shimfiɗaɗɗen wuri, ba kan gangare ba, ka kashe ta, ka jira kamar minti 10 mai ya sauka. Ka zaro geji, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa, sannan ka karanta. A yawancin motoci, tsakanin alamar sama da ta ƙasa wajen lita 1 ne. Ka rubuta kwanan wata, da lambar kilomita da ke jikin mita, da yawan man da ka ƙara. Kullum a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya. In wayarka na ɗaukar hoto, ka riƙa ɗaukar gejin da mitar.

Na biyu, mai ba ya ɓacewa haka kawai. Ko dai yana zuba, ko yana ƙonewa, ko kuma yana shiga ruwa. Ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar ta kwana, da safe ka duba. In ka ga ɗigo, to, yoyo ne, watakila daga gaskit ko wata roba, ko ma notin juye ne bai ɗauru ba. Wannan mai sauƙi ne. In kwali ya wayi gari fes, sai ka sa yaron motarka ya tsaya a baya ya dubi salansa. Baƙin hayaƙi alamar man tafiya ne ya yi yawa. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa, ruwa ne ke shiga. Shuɗi-shuɗi kuwa, shi ne na baƙin mai. In da safe kawai yake fita sannan ya ɗauke, an fi zargin robobin bawul. In kuwa sai ka taka wuta ko ka hau tudu da kaya, to, hankali ya fi karkata ga ringi. Bayan haka, idan injin ya huce sarai, ka buɗe murfin lagireto da murfin mai. In ka ga abu kamar shayi da madara, mai da ruwa sun gauraya, kada ka ƙara tayar da ita. Duk wannan dubawa ce da ido, ba kwancewa ba.

Na uku, sai ka koma wurin dila da littafinka da rasidan sabis. Kada ka tsaya ga maganar baki a bakin ƙofa. Ka nemi manajan sashen gyara, ka sa a rubuta kokenka a katin aiki, da kwanan wata da lambar kilomita, a ba ka kwafi. Sannan ka ce kana son a yi awon shan mai. Yadda ake yi shi ne, su za su yi juye da kansu, su cika mai daidai alama, su liƙe murfi da notin juye don kada a ce ka taɓa, ka yi tafiyar da suka ƙayyade, ka dawo a auna a gabanka. Tun kafin a fara, ka tambaya a rubuce, iyaka nawa kamfanin da ya ƙera motar ya yarda da ita, domin kowane kamfani da tasa. Akwai kuma awon ƙarfin matsin silinda, wanda a motar fetur ta ramin fulogi ake yinsa, ba sai an buɗe inji ba.

Kada ka ɗauka sabuwar mota ba ta zuwa da aibi daga masana'anta. Alal misali, a Amurka masu Toyota Camry ƙirar 2007 zuwa 2009, mai inji lita 2.4, sun yi ta kukan shan mai. A 2011 kamfanin ya aika wa dilolinsa takardar yadda za su auna: in mota ta sha fiye da kwat ɗaya, wato kusan lita 1, a mil 1,200, kimanin kilomita 1,900 ke nan, sai a sake fistin da ringi. A 2015 kuma ya tsawaita garantin wannan gyara zuwa shekara 10 ko mil 150,000. Ba muna cewa irin motarka ke nan ba, kuma wa'adin waɗancan motoci ya riga ya wuce. Abin lura dai shi ne, awo da rubutu ne suka sa aka yi wa mutane gyara kyauta, ba hayaniya ba.

Sai dai kuma fa, malam, kai ma ka binciki kanka, domin dila zai bincike ka. Shin kana yin sabis a kan lokaci, a inda takardar ta ce? Shin irin man da littafin motar ya faɗa kake zubawa, ko na kwalba na bakin hanya? Yaushe rabonka da duba matatar iska? Ƙurar hunturu in ta sami hanya, ringi take ci kamar yashi. Sannan mun san halinmu in kasuwar albasa ta buɗe, a yi ta ɗora buhu har mota ta durƙusa. Lodin da ya wuce ƙa'ida yana wahal da inji, balle a zafin bazara, kuma dila na iya kafa hujja da shi.

To, in an auna, ta wuce iyaka, amma aka ƙi gyarawa fa? Sai ka rubuta wa babban ofishin kamfanin a Nijeriya, ka haɗa da kwafin takardunka, na asali kuwa su zauna a hannunka. In nan ma shiru, akwai hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu sayen kaya, wato FCCPC, wadda aka kafa da dokar 2018, ta gaji tsohuwar majalisar da aka kafa a 1992. Dokar ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi cikin wata 3 da karɓa. Kai wannan ya wuce ka, saboda haka takardar garantinka ce madogararka. Ka karanta ta da kyau. Kamfanoni da yawa shekara 3 ko kilomita 100,000 suke bayarwa, duk wanda ya riga cika, kuma mai jigila irinka kilomita ce ke riga cika masa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ka sa kokenka ya shiga takarda tun wa'adi bai ƙare ba.

Kafin nan, kada ka bar mai ya sauka ƙasa da alama. In jar fitilar mai ta kama kana tafiya, ka tsaya nan take ka kashe mota, ko da kuwa kana hango Jega. In injin ya buga don rashin mai, kai za a ɗora wa laifi.

Da fatan malam mai tambaya ya gamsu, Allah Ya ba da sa'a, Ya tsare hanya. Sauran masu sauraro kuma, muna nan muna jiran takardunku. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, ku huta lafiya.