Ɗiyanmu da ke karatu a Maroko: su fita su ga gari

(Jawabin da wani malamin lakwal ya yi gaban taron ƙungiya, a madadin malaman gari)

Mun gode da kunka ba mu dama mu yi magana, ga shi kuwa lokacin aikin gona ne.

Kun sani ƙungiyarmu na tara kuɗi kowace shekara don ɗiyanmu da sunka ci bak, sunka samu burs zuwa ƙasashen waje. Mafi yawansu Maroko su kan tafi, inda hukumar AMCI, wadda anka kafa a 1986, ke karɓar ɗaliban Afirka. A taron da ya wuce wasu uwaye sun kawo kuka. Sun ce yaro ya aiko yana neman kuɗin zuwa wani gari lokacin hutu, su kuwa karatu sunka tura shi, ba yawo ba. Kukan na da hujja, don kuɗin nan na gero ne da na awaki. Amma mu da munka zauna can, muna so mu faɗa muku abin da ke cikin waɗannan garuruwa, sa'an nan ku yanke shawara da saninku.

Mu fara da Fas. Sarki Idirisu na farko ya kafa ta a 789, ɗansa Idirisu na biyu ya ƙara gina ta a 809. Garin kashi 3 ne: tsohon birni, da Fas Jadid da sarakunan Banu Marin sunka gina a 1276, da sabon gari na Turawa, wanda Faransawa sunka yi nesa da ganuwa bayan sun kama ƙasar a 1912. Wanda ya san Damagaram, da Birni da Zango da unguwar ofisoshi, ya fahimci tsarin. Galibi ɗalibi a sabon gari yake kwana, can yake karatu. Yana iya shekara 3 a Fas bai taka tsohon birni ba sai in zai sayi tsaraba. Wannan ita ce asarar da muke tsoro.

Cikin tsohon birni mota ba ta shiga. Lunguna ne matsattsu, wasu sai mutum ya karkata kafaɗa in ya gamu da wani. Jakai da alfadarai ke ɗaukar kaya, mai kora yana ihu a ba shi hanya. A tsakiya akwai masallacin Ƙarawiyyin, wanda tarihi ya ce wata mace mai suna Fatima al-Fihriyya ta gina da gadonta a 859. Daga masallaci ya zama makaranta, kuma har yau ana lissafa shi cikin mafi tsufan wuraren karatu na duniya. Uwayenmu mata, ku riƙe wannan. Duk wanda ya ce muku sha'anin ilimi ba na mata ba ne, ku tambaye shi wa ya gina Ƙarawiyyin.

Kusa da shi akwai makarantun kwana na da, irin Attarin da anka gama a 1325 da Bu Inaniyya ta wajen 1355. A sama akwai ƴan ɗakuna ƙanana, wasu ba su kai rumbu faɗi ba. Nan ɗalibai baƙi ke kwana, ana ciyar da su da dukiyar wakafi. Ɗanmu da ke kukan ƙuncin ɗaki da kewar gida, in ya leƙa ɗaya daga cikinsu, zai san shekara 700 ke nan masu neman ilimi ke haƙuri da irin wannan.

Malaman zaure da ke nan sun san littafin Ajurrumiyya, wanda ake fara nahawu da shi. Mai shi, Ibn Ajurrum, mutumin Fas ne, can ya rasu a 1323. Sun san Ibn Ashir, shi ma ɗan Fas ne. Rubutun da almajirai ke yi bisa allo, mai ɗigon fa a ƙasa da ɗigo guda na ƙaf a sama, da karatun Warshu, daga Magrib sunka zo mana. Ƴan ɗariƙar Tijjaniyya kuwa ba sai an gaya musu ba, kabarin Shaihu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a 1815, yana cikin birnin, kuma maziyarta daga Senegal da Najeriya da Nijar ba su yankewa a zawiyyarsa. Yaron da ya fito daga makarantar allo ya shiga lakwal yana girma da tunanin karatu biyu ne da ba su haɗuwa. A Fas zai ga garin da anka karanta nahawu da fiƙihu da lissafi da ilimin taurari a wuri guda.

Akwai kuma majema ta Shuwara. Ramummuka ne jere, wasu na farar ƙasa da kashin tantabara don laushin fata, wasu na rini. Majema na tsaye ciki har gwiwa, kamar yadda kakanninsu sunka yi. Warin na da ƙarfi, har masu shaguna kan miƙa wa baƙo ganyen na'ana'a ya sa a hanci. Wannan wuri ya shafe mu. Fatar jar akuya, irin wadda anka san Maraɗi da Sakkwato da ita, ayari ya daɗe yana ƙetare hamada da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai ana kiranta fatar Maroko. Yau dukawan Fas na ɗinka jaka da takalmi da matashi, baƙi daga ko'ina na saye da tsada. Mu kuwa har yanzu mafi yawan fatunmu ɗanye muke sayar da su. Ɗalibin da ke karatun kasuwanci ko na kiwo, in ya yini a majemar nan yana tambaya, ya ga yadda fata ke bi daga hannun majemi zuwa baduku zuwa mai shago, zai komo da abin da zai gaya wa masu jima da bagaruwa a nan gida.

Mu malaman lakwal muna koyar da tarihin ƙasarmu a ajin CM, sau da yawa da sunayen da yara ke haddacewa ba su san mafarinsu ba. Ibn Battuta ya sauka Takadda, a yankin Ingal na yanzu, a 1353, ya ga yadda ake narka jan ƙarfe ana kai shi har Gobir. Da ya koma, a Fas ya zauna anka rubuta labarin tafiyarsa bisa umurnin Sarki Abu Inan, anka gama a 1355. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leyon na Afirka, a Fas ya tashi. Littafinsa da anka buga a Benis a 1550 ya yi bayanin Agadas da Gobir da Katsina da Kano. Ke nan wani sashe na abin da duniya ta fara sani game da mu daga wannan birni ya fita.

Sai Marrakush, tafiyar awa 6 zuwa 7 daga Fas cikin jirgin ƙasa. Murabiɗun sunka kafa ta wajen 1070. Ganuwarta ja ce, ta ƙasa anka yi ta, kamar ginin gida. Hasumiyar masallacin Kutubiyya, mai tsawon wajen mita 77, tun ƙarni na 12 take tsaye, kuma sunanta daga masu sayar da littattafai ya samo asali, don a da kasuwarsu na gindinta. Alƙali Iyal, mai littafin Asshifa da ake karantawa a masallatanmu, can anka binne shi a 1149, kuma jami'ar garin da anka buɗe a 1978 sunansa take ɗauke da shi. Kabarin Shaihu Jazuli mai Dala'ilu shi ma yana nan.

Ba duk tarihin ke da daɗi ba, kuma ya kamata ɗiyanmu su san mai ɗacin. Daga Marrakush Sarki Ahmadu al-Mansur ya aiko da rundunar da ta ci Sonrai a Tondibi a 1591. Ragowar sarakunan Sonrai sunka gangaro Dandi, cikin ƙasarmu ta yau. Babban malamin Tumbutu, Ahmadu Baba, anka kai shi Marrakush a kame a 1594. Bayan an sake shi ya yi ta karantarwa a can, manyan gari na zama gabansa, sai a 1608 ya koma gida. Fadar da al-Mansur ya gina, mai suna Badi, wani sarki na baya, Maulaya Isma'ila, ya kwashe marmara da adonta ya kai Maknas. Yau kango ce, shamuwa na sheƙa bisa bangonta. Da yamma a dandalin Jami'ul Fana za ka ji kiɗan Ginawa, da molonsu mai tsirkiya 3 da ƙarafuna da suke kaɗawa. Jikokin mutanen da anka kwashe bayi daga ƙasashenmu na kudancin hamada ne. Ɗan Maraɗi in ya ji kiɗan sai ya tuna da na bori. Ba mu ce ya shiga ba. Mun ce ya tsaya ya saurara, ya san an sayar da ƴan'uwansa bisa hanyar da littattafai sunka bi sunka zo mana.

Wani abu kuma shi ne yadda suke riƙe da tsohon gini. UNESCO ta sa tsohon birnin Fas cikin kayan tarihin duniya a 1981, na Marrakush a 1985. Namu na Agadas, da hasumiyarsa ta ƙasa mai mita 27, ya shiga a 2013. Girgizar ƙasa ta 8 ga Satumba 2023, wadda ta kashe kusan mutum 3000 a ƙauyukan duwatsun Atlas, ta taɓa har ganuwar Marrakush, kuma sun tashi da gyara. Mu a nan, soron kaka in ya tsage sai mu rushe mu sa kwano. Yaron da ya ga baƙi na biyan kuɗi don su kalli ginin ƙasa zai yi tunani kafin ya sa wa na gidansu gatari.

Yanzu mu komo ga tsoron uwaye. Na farko, faɗuwa jarrabawa. Gaskiya ne wanda ya yi ta maimaita aji yana iya rasa burs, kuma garin baƙi na da abubuwan ɗauke hankali. Saboda haka muna cewa tafiya sai lokacin hutu, kuma sai wanda ya aiko da takardar sakamakonsa. Na biyu, tsaro, musamman na ɗiya mata. Su tafi ƙungiya, 3 ko 4, su sauka wurin ƴan'uwansu ɗaliban Nijar na garin, kowa da takardar zamansa a jiki. Na uku, wulakanci. Ba za mu ɓoye muku ba, a kan titi wani yaro na iya jefa wa baƙar fata kalmar da ba ta da daɗi, wani mai gida na iya ƙin ba da haya. Mun gamu da wannan. Mun kuma gamu da maƙwabta da ke aiko da akushin kuskus kowace Juma'a, da waɗanda ke kiran baƙo buɗa baki da miyar harira duk watan azumi. Abin da munka lura shi ne, wanda ya koyi Darija, Larabcin kasuwa na can, ya iya gaisuwa da ciniki da godiya, ƙofofi sun fi buɗe masa bisa wanda ya tsaya ga Faransanci kaɗai. Darija kuwa ba a koyonta a ɗakin kwana.

Ga ɗiyanmu da wannan takarda za ta isa gare su, muna da nasiha. In an ba ku shayi, ku zauna ku sha, kar ku ce kuna sauri. Kar ku ɗauki hoton mutum sai kun tambaye shi. Ku yi ciniki kamar yadda ake yi a kasuwar gida, da fara'a. Ku tanadi kayan sanyi, don hunturun Fas ba irin namu ba ne, har ƙanƙara na sauka a Ifran da ke kusa. Ku riƙe littafin rubutu a aljihu. In kun ga mai sana'a, ku tambaye shi sunan kayan aikinsa da inda yake samo su, ku rubuta tun ba ku manta ba. Kuma in an tambaye ku ƙasarku, ku iya ba da labarinta. Abin kunya ne baƙo ya fi ka sanin tarihin Agadas.

Ga roƙon da muke kawowa gaban taro. Cikin abin da ƙungiya ke aika wa kowane ɗalibi, a ware wani ɗan kaso, gwargwadon abin da asusu zai iya, don tafiya guda a shekara zuwa wani tsohon birni. Wanda ya karɓa, wajibi ne ya aiko da wasiƙa mai shafi 2 da Hausa, ya faɗi abin da ya gani da abin da zai amfane mu. Za a buga ta cikin wannan jarida tamu, mu kuma malamai mun ɗauki alkawalin karanta ta ga ƴan aji. Wanda bai aiko ba, ba shi da rabo a shekara ta gaba. Da haka kuɗin da mutum ɗaya ya yi tafiya da su za su amfani yaran da ba su taɓa wuce kasuwar mako ba.

Magabata sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Mun tura ɗiyanmu nesa, mun sayar da dabba don su je. Diplom za su kawo, in Allah ya yarda, amma garuruwan nan ba kowa ke samun ganinsu sau biyu ba. Muna roƙon dattawa su duba maganar, su ba mu amsa kafin komawa lakwal a watan Oktoba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare ɗiyanmu a inda suke, ya maido mana su lafiya.