Birnin da ya ƙi sayar da gidajensa

 

An ce in yi magana kan gidan haya mai sauƙi, da yadda hukumar birni take samo kuɗin gina shi. Ba sai na yi muku bayanin matsalar ba. Duk wanda ya taɓa bin dillali lungu-lungu a Yamai ko Maraɗi yana neman ciki da falo, aka ce ya ajiye kuɗin wata uku kafin a ba shi makulli, ya fi ni saninta. Don haka zan kai ku birni guda, Viyana, babban birnin ƙasar Ostiriya, mu ga yadda suka yi.

Mutanen Viyana sun ɗan haura miliyan 2. Hukumar birnin ita kanta tana da gidajen haya wajen 220,000, kuma mutum kusan rabin miliyan ne ke kwana a cikinsu. In aka haɗa da gidajen da aka gina da tallafin birni, wajen rabin mutanen garin ke zaune a irin waɗannan gidaje. Za ku ce ai Turai ce, masu kuɗi ne. To, lokacin da suka fara, ba su da ko na cefane.

Bayan yaƙin duniya na farko, a 1918, daularsu ta rushe, kuɗinsu ya lalace, yunwa da tarin fuka sun cika gari. Tun kafin yaƙin ma akwai ma'aikatan da gado kawai suke haya, wani ya kwana da dare, wani ya kwanta da rana. A 1919 jam'iyyar ma'aikata ta ci zaɓen birnin. A 1922 Viyana ta zama jiha mai zaman kanta a cikin tarayyar ƙasar, wato ta sami ikon ɗora nata haraji. Mai kula da kuɗin birnin, Hugo Breitner, tsohon ma'aikacin banki ne, kuma ba ya son cin bashi. Sai ya ɗora haraji kan kayan more rayuwa: motoci, dawakin tsere, gidajen rawa, har da masu barori da yawa a gida. A 1923 aka kawo harajin gina gidaje. Mai ɗan ƙaramin ɗaki ya biya abu kaɗan, mai katafaren gida ya biya da yawa, kuma kuɗin gini kawai ake yi da su.

Ku lura da wannan, domin nan ne amana take. A jikin gine-ginen an rubuta da manyan haruffa cewa birni ne ya gina, da kuɗin harajin gidaje, a shekara kaza. Mai biyan haraji yana wucewa ya ga inda kuɗinsa suka shiga. Daga nan zuwa 1934 sun gina gidaje sama da 60,000. Mafi shahara shi ne Karl-Marx-Hof da aka buɗe a 1930, gini ɗaya mai tsawon fiye da kilomita guda, da wurin wanki, da wurin wanka, da wurin renon yara, da fili mai itatuwa a tsakiya. Tunda ba bashi aka ci ba, kuɗin hayar na gyara da kula da gini ne kawai.

Yau tsarin ya sauya. An yi shekara da shekaru ana cire kashi 1 cikin 100 na albashi da sunan tallafin gidaje, rabi daga ma'aikaci, rabi daga wanda ya ɗauke shi aiki. Ba duka gidajen ne birni ke ginawa da hannunsa ba. Akwai ƙungiyoyin gini waɗanda doka ta taƙaita musu riba: hayar da za su karɓa ba ta wuce abin da ginin ya ci ba, ɗan abin da ya saura kuma dole a mai da shi cikin sabon gini. Birni yana ba su rance mai sauƙi na dogon lokaci, suna biya, abin da aka biya a sake ba wani. Kamar adashi ne, sai dai nan bulo ake kwasa.

Amma ni abin da na fi so ku riƙe shi ne fili. Siminti da ƙarfe suna da farashinsu a kasuwa, magajin gari ba shi da iko a kai. Fili kuwa yana da iko. A 1984 Viyana ta kafa asusun da aikinsa sayen filaye tun suna gonaki, tun ba su yi tsada ba, a ajiye. In lokacin gini ya yi, ba wanda ya fi ba da kuɗi ake ba. Tun 1995 gasa ake yi: masu gini su kawo zane da lissafi, alƙalan gasa su duba kyan gini, da hayar da za a biya, da kula da muhalli, daga baya aka ƙara da yadda mutane za su zauna tare. A 2018 kuma suka gyara dokar gini: in birni ya mai da babban fili wurin zama, a ƙa'ida kashi biyu cikin uku na gidajen da za a gina dole su zama masu tallafi. Dalilinsu a fili yake. Sa hannun hukuma ne ya ninka darajar gonar, don haka jama'a suna da rabo a cikin ribar.

Wani abin da ke ba mutane mamaki, ba su ware gidajen ga talaka kaɗai ba. Iyakar albashin da aka sa tana da faɗi, mafi yawan mutanen gari sun cancanta, kuma ranar shiga kawai ake dubawa. In Allah ya buɗa maka daga baya, ba mai korarka. Wasu suna ganin ɓarna ce, ni ina ganin wayo ne. Unguwar da malamin makaranta da direba da likita suke hawa bene ɗaya, ba ɗan siyasar da zai bar ta ta lalace.

Wasu birane sun bi wata hanya. Berlin, da bashi ya sha mata kai, ta sayar da kamfanin gidajenta mai gidaje wajen 65,000 a 2004. Haya ta yi ta hawa, daga baya ta koma tana sayen wasu gidajen da tsadar da ta ninka. Viyana ba ta sayar da nata ba.

Kada in sa ku ɗauka aljanna ce. Sai ka yi shekara biyu da zama a garin kafin ka shiga layi, layin kuma yana da tsawo, baƙo sabon zuwa sai dai ya faɗa hannun masu gidaje na kasuwa. Har zuwa 2006 baƙi da yawa ba su da damar shiga gidajen birni sam. Birnin kansa ya dakatar da gina nasa gidaje a 2004, sai da mutane suka ƙaru, haya ta yi zafi, sannan a 2015 ya ce zai koma.

Mu nan, harajin albashi ba zai tara abin kirki ba, tunda yawancinmu ba mu da takardar albashi. Amma filaye muna da su, kuma kowa ya san yankan filaye yana cikin manyan hanyoyin da ma'aikatun magajin gari ke samun kuɗi. Ana yankawa, a sayar, kuɗin su shige hidimar shekara. Mai hali ya sayi goma ya kewaye ya jira tsada, marar hali ya gangara bakin kwari, ruwan damina ya same shi can kamar yadda muka gani a Yamai a 2020 da Maraɗi a 2024. Filin da aka sayar sau ɗaya ake cin kuɗinsa. In zaman majalisar birni ya zo kan kasafin kuɗi, ku je ku zauna, ku nemi a faɗa muku fili nawa aka yanka bara, nawa aka sayar, nawa kuma ya rage a hannun birni.