Tarka a Tsakanin Gona da Hamada: Jawabi a Bikin Cika Shekara Ɗari na Sarauta

  

Wanda ke son sanin yaƙe-yaƙen da suka ratsa ƙasar nan, sai ya fara duban inda Allah ya ajiye ta. Tarka tana yammacin Damargu. Tanut na gabas da mu, Dakwaro na yamma, Damagaram na kudu, Abzin kuwa na arewa. Kwarinmu ya miƙa yamma har wajen Madawa. A nan gonar gero take ƙarewa, makiyaya ta soma. Tun 2011 muna cikin gundumar Belbeji, bayan an cire ta daga Tanut.

Abzin ba ta noma abin da zai ishe ta ci, Damargu ce rumbunta. A da, ayarin da ke tasowa daga Tarabulus zuwa Kano ta Agadas, a Damargu yake shan ruwa ya yi guzuri. Saboda haka mai takobi bai taɓa rasa dalilin zuwa ba: Kel Owey da Imuzurag sun daɗe suna jayayya a kan hanyar da hatsinta, talaka kuwa shi ke biyan kuɗin kowace rigima da damin gero.

Sai Nasara. A 1899 Faransawa suka ci Damagaram, a shekarar kuma rundunar Foureau da Lamy ta gangaro daga Agadas ta keta Damargu. Ba a gama farfaɗowa daga yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ba, Yaƙin Duniya na Farko ya iso. Mutanenmu ba su ga Jamus ba, amma sun ga masu ƙwace raƙuma da hatsi da samari.

A watan Disamba 1916 Kawusan, Ba'abzine na Ikazkazan wanda aka haifa a Damargu, ya kewaye barikin Faransawa a Agadas, da goyon bayan Sarki Tegama. Rundunar da ta tashi daga Damagaram don ceto su ta bi ta Damargu, ta shiga Agadas ranar 3 ga Maris 1917. Ramuwar da ta biyo baya ta yi muni, har malamai aka kashe a birnin. Abzinawa da yawa suka kwararo kudu, raƙuma suka ƙare, ayarin da jirgin ƙasan Kano ya riga ya raunana ya ƙara durƙushewa. An kashe Kawusan a Murzuk a 1919.

Takardun Nasara sun ƙidaya sojojinsu, ba su ƙidaya rumbunanmu ba. Ina roƙon fada ta sa malaman makarantunmu su zauna da tsofaffin da suka ji labarin daga bakin iyayensu, gari gari, rijiya rijiya, a rubuta a ajiye a nan fada.