Musanyar Fili: Wa Doka Ta Ce A Ba?



Tun da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ran 1 ga Oktoba, 1996, Gusau ta zama babban birni, filaye suka yi daraja har wajen Bungudu da Tsafe. Da yawanmu mun tara ɗan abin da muka samu mun sayi fuloti ko gona, wasu a nan Rawayya. Ko yaushe aka haɗu sai wani ya tambaye ni: idan gwamnati ta karɓe, ai za ta ba ni wani ko?

To, ba lallai ba ne. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun Gwamna, kuma sashe na 28 ya ba shi ikon soke izinin mallaka saboda amfanin jama'a, kamar hanya ko asibiti. Diyyar da sashe na 29 ya tanada ta gini ce da shuka, sai kuɗin hayar ƙasa da mutum ya biya a wannan shekara. Kuɗin da ka ƙirga wa mai gona da ladan dillali ba sa ciki.

Maganar musanya tana sashe na 33, nan ne nake roƙon a saurara. Wanda ya gina gidan zama a filin shi ake nufi, kuma ganin damar hukuma ne. In ka karɓa, batun diyya ya ƙare. In sabon wurin ya fi diyyarka daraja, ana iya yarjejeniya rarar ta zama bashi a kanka. Wanda ya kafa duwatsu huɗu ya tafi, sashen bai ambace shi ba.

Malamanmu sun tuna Bakolori a 1980, inda rikicin gonaki da diyya ya ci rayukan manoma. A ganina musanya ta fi kuɗi alheri ga manomi, muddin ƙasar za ta nomu, ba fako aka nuna masa ba.

Mai takardar ciniki da sa hannun mai unguwa kaɗai, ya daure ya nemi amincewar Ƙaramar Hukuma in a karkara ne, ko ta Gwamna in a cikin birni ne. Bayan Azahar ina nan, mai takarda a aljihu ya kawo mu duba tare.