Gyaɗa da Ƙwai a Bakin Jariri: Lacca ga Ma'aikatan Lafiya da Iyayen Kudancin Kano

Iyayenmu hakimai da dagatai, Allah ya ja zamaninku. Malamai, Allah ya gafarta muku. Ma'aikatan lafiya, ungozomomi da iyaye mata da kuka taso daga Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa, sannunku da hanya.

Ba mutumin Bebeji za a koya wa darajar gyaɗa ba. A garin aka haifi Alhaji Alhassan Ɗantata a 1877, kuma duk wanda ya ji labarin dalar gyaɗa a Kano ya ji sunansa. Gyaɗar da kakanninmu suka noma jirgin ƙasa ya kwashe ta zuwa Ikko, daga nan sai Turai. Yau ina so mu bi ta can mu ga abin da ya faru, domin darasin ya dawo kan jariranmu.

Akwai cutar da likitoci ke kira alaji, wato jiki ya ɗauki wani abinci a matsayin abokin gaba. Yaro ya ci gyaɗa ko ƙwai ko kifi, cikin 'yan mintuna sai ka ga borin jini ya feso masa, leɓe da fatar ido sun kumbura, wani ya yi ta amai. Idan abin ya yi tsanani maƙogwaro ya toshe, numfashi ya gagara, rai ma yana iya salwanta. Da cutar ta yawaita a Ingila da Amurka, sai hukumomi suka ce a nisanta yara da gyaɗa. Ingila ta ba da wannan shawara a 1998 ga gidajen da ke da tarihin cutar. A 2000 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce irin waɗannan yara su jira sai sun shekara 3. Iyaye suka bi umarni, amma cutar ba ta ja da baya ba.

Wani likita a Landan, Farfesa Gideon Lack, shi ya lura da abin da ya warware matsalar. A 2008 shi da abokan aikinsa suka kwatanta 'ya'yan Yahudawa da ke Ingila da 'yan'uwansu da ke Isra'ila, suka tarar alajin gyaɗa ya ninka kusan sau 10 a Ingila. Asalinsu ɗaya, to mene ne bambancin? A Isra'ila ana ba jarirai wani abin ƙwalama na gyaɗa mai narkewa a baki, Bamba, tun ba su shekara ba. Daga nan suka shirya gwaji a kan jarirai 640 'yan wata 4 zuwa 11, dukkansu masu haɗarin kamuwa. Rabi aka riƙa ba su gyaɗa a kai a kai, rabi aka hana su. Sakamakon ya fito a 2015: da yaran suka shekara 5, kusan 17 cikin 100 na waɗanda aka hana sun kamu, a ɗaya ɓangaren kuwa 3 ne kacal cikin 100. An ci gaba da bibiyarsu har suka haura shekara 12, rahoton 2024 ya nuna kariyar tana nan. Tun 2017 Amurka ta juya shawararta gaba ɗaya.

Bayanin da masana suka fi gamsuwa da shi mai sauƙin fahimta ne. Abin da ya fara shiga ta baki, hanji yana gabatar da shi ga garkuwar jiki a matsayin baƙon alheri. Abin da ya fara shiga ta tsagaggiyar fata kuwa, ɓarawo ne da ya haura katanga, jiki zai riƙe kamanninsa ya jira shi. Shi ya sa jaririn da ke fama da ekzima, ciwon nan da fata ke bushewa ta yi ja tana ƙaiƙayi, ya fi kowa haɗari. Ku duba gidajenmu. Uwa tana matsar tunkuza, tana murza ƙuli-ƙuli, yaro ya yi kuka ta ɗauke shi da hannun nan. Gyaɗa ta riga ta san fatarsa. Idan aka hana bakinsa saninta, an bar masa mummunar hanyar kaɗai.

To ashe kakar da ke ba jikanta kunun gyaɗa tana kan daidai, ko da ba ta san sunan Landan ba. Abin da ke damuna shi ne ƙannenmu da 'ya'yanmu masu waya a hannu, waɗanda ke cin karo da tsohuwar shawarar da masu ita suka riga suka janye, su dawo suna hana jariri abincin gidansu. A Afirka ta Kudu an auna, an ga alajin abinci ya fi yawa a yaran birnin Kef Tawun fiye da na karkara. Rayuwar birni tana tahowa mana ta titin Zariya, gara mu riƙe abin da muke da shi tun bai kuɓuce ba.

Sai dai kaka ba ta yi daidai a komai ba, kuma da girmamawa nake faɗa. Har yau akwai gidajen da ba a ba yaro ƙwai, wai zai tashi da sata. Kaji na yawo a tsakar gida, ƙwan ya tafi kasuwa ko ya shiga shayin maigida, yaron da ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa ya tashi da tsurar koko. Wannan camfi yana cutar da mu ta fuska biyu: yana ƙara tamowa, yana kuma jinkirta sabon jiki da ƙwai, alhali bincike ya nuna dafaffen ƙwai da aka fara da wuri yana rage alajinsa. Malamai, a nan muna neman bakinku, domin abin da kuka faɗa a wa'azi ya fi namu shiga. Haka kifin da masunta ke fitarwa daga madatsar Tiga, a dafa, a cire ƙaya tsaf, a murmushe wa yaro.

Yaushe za a fara? Wata 6 na farko nonon uwa zalla, ko ruwa babu, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya da ma'aikatar lafiyarmu suka tsara. Kada wani ya fita daga zauren nan ya ce na ce a ba ɗan wata 2 kunu. Gudawa ta fi alaji kashe mana yara nesa ba kusa ba. Da ya cika wata 6, a fara, nono kuma ya ci gaba. A dama niƙaƙƙiyar gyaɗa mai laushi cikin kunu, a ba shi ɗan kaɗan a bakin cokali da safe, lokacin da yake lafiya, a zuba masa ido. In ba a ga komai ba a ƙara, har ya kai kamar ƙaramin cokali 2, sau 3 a mako. Sabon abu ɗaya a rana, don in an ga canji a san mai laifi. Bayan gyaɗa sai ƙwai da ya dahu sosai, sai riɗi, waken suya, alkama, kindirmo mai tsabta. Ɗorewa ita ce maganin, domin ɗanɗanon rana ɗaya ba ya koya wa jiki komai.

Ƙwayar gyaɗa da guntun ƙuli-ƙuli suna shaƙe yaro, kada su shiga hannunsa sai ya kai shekara 5. Zuma sai bayan shekara 1. Gyaɗar da ta yi fumfuna ko take ɗaci a zubar, kada a ce ai ta kunu ce; tana ɗauke da gubar da ke lalata hanta, kuma tafasa ba ta kashe ta.

Jaririn da ekzimarsa ta yi tsanani, ko wanda ya taɓa kumbura bayan cin ƙwai, likita ya fara ganinsa kafin a ba shi gyaɗa, kuma a kai shi da wuri, tun yana wata 4, domin irinsa ne jinkiri ya fi cutarwa. Wanda kuwa aka riga aka tabbatar yana da alajin wani abinci, wannan lacca ba izini ba ce a gwada masa a gida.

Abokan aiki na asibitocin matakin farko, ku nake roƙo a ƙarshe. Idan aka kawo yaro fuska a kumbure, murya ta dishe, yana numfashi da ƙyar ko jikinsa ya saki bayan cin abinci, allurar adirenalin a cinya ita ce farko, sauran magunguna su biyo baya. Ku duba akwatin gaggawa gobe da safe, ku ga ko tana ciki, ko kuma kwananta ya ƙare. Daga Riruwai zuwa babban asibiti tafiya ce mai nisa, yaron da maƙogwaronsa ke toshewa ba zai jira mota ba. Kuma duk wanda kuka gani ku rubuta shi a rajista: watanninsa, abin da ya ci, da mintunan da suka wuce kafin alamar ta bayyana.